Jarka Mai Hoton Ɓauna

Ruwan farko bai daɗe da sauka a Zuru ba aka kawo Abel gida a kan babur, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana rungume da shi ta baya don kada ya zame. Yayarsa Saloma tana tsakar gidanta da ke jikin nasa tana tsince irin wake, sai ta ji ihun matarsa daga bakin ƙofa. Ta ajiye faifan ta fito. Idanun ƙanin nata sun kumbura sun rufe, yawu yana zuba daga bakinsa, fatar bayansa kuma, daidai inda tankin feshi ke zama, ta yi jajir kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa.

"Feshi ya je yi a wata gona ta hanyar Ribah," in ji mai babur ɗin. "Ko rabi bai yi ba ya faɗi."

Saloma ba ta tsaya kuka ba. 'Yar soja ce, matar soja ce kuma. Mijinta Haggai yana can bakin aiki a Borno, ita ke riƙe da gida da gona da rabin matsalolin dangi. Ta ce a juya babur a nufi asibiti, ta tare wani ta hau ta bi su.

Feshi shi ne sana'ar Abel da damina. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa gonakin da ke nesa da gari, ba mai son ya yini duƙe da fartanya yana ɗaga kai a kan kowane motsi. Kowa so yake a fesa maganin ciyawa a juyo gida kafin rana ta take. Shi ya sa masu feshi suka zama abin nema, tun da asuba ake layi a ƙofar Abel. Ya yi shekara da shekaru yana goyon tankin nan, ban da ciwon kafaɗa bai taɓa kawo ƙarar komai ba.

A asibiti aka wanke shi, aka sa masa ƙarin ruwa. Likitan, wani saurayi mai saurin magana, ya tambayi irin maganin da ya fesa. Matar Abel ta koma gida ta ɗauko ragowar. Ƙaramar jarka ce ruwan ɗorawa, mai jan marfi, da hoton ɓauna ta sunkuyar da kai za ta kai karo. Manoma ba sa wahalar da bakinsu da sunan Turanci, Mai Ɓauna kawai suke ce masa. Bana ya shigo kasuwa, ya fi sauran araha, kuma kafin mutum ya iso gida ciyawa ta fara baƙi.

Likitan ya juya jarkar gaba da baya. "Ba sunan kamfani, ba adireshi, ba a ma faɗi abin da ke ciki ba. Madam, ƙaninki ba shi ne na farko ba. Ga wani can kwance daga Mahuta, an kawo wani daga Sakaba mun sallame shi. Amma in ban san gubar ba, lalube kawai nake yi."

Saloma ce shugabar ƙungiyar mata manoma ta unguwarsu, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci duk a ciki. Ta san yadda ake kai kuka a da. A ɗinka anko, a yi hayar mota, a je babban birni, a zauna a kan benci har ƙugu ya ƙage, a dawo da alkawari. Sun taɓa yin haka kan wani irin masara da ya ƙi tsirowa, kafin amsa ta zo an yi girbi an manta. Yanzu kuwa ga damina ta kankama, ga jarkar nan a hannun kowane mai feshi daga Zuru har Sakaba.

Ta fita harabar asibitin ta zauna a gindin darbejiya, ta ciro waya. A wayar akwai wani guruf na hira da wata ƙawarta ta zumuntar matan coci ta sa ta a ciki bara, sunansa Muryar Gona. Ƙungiyoyin manoma ne na ƙasashe huɗu suka haɗu a ciki: na Kebbi, na Gaya a Nijar, na Malanbil a Benin, da na Bawku a Gana. Abin da ya haɗa su Hausa ce, kowa da irin tasa, kuma kusan duk da saƙon murya ake magana, don da yawansu karatu bai dame su ba. Saloma ba ta taɓa cewa uffan a ciki ba. A ganinta wurin gaisuwar Juma'a ne da ta Lahadi da tambayar farashin wake.

Ta ɗauki hoton jarkar, ta danna ta fara magana. Ta faɗi sunanta da garinsu, ta faɗi abin da ya sami ƙaninta, ta tambaya ko akwai wanda ya san maganin nan.

Ba ta tashi daga gindin bishiyar ba amsa ta shigo. Hajiya Asama'u ce, shugabar matan Gaya, wadda ita ta buɗe guruf ɗin.

"Madam Saloma, sannu. Allah shi ba shi lahiya. Don Allah ki kifa jarkar, ki ɗauko muna gindinta da kyau."

Saloma ta kifa ta. A jikin robar akwai wani ɗan tambari na tauraro mai karkataccen hannu ɗaya. Ta ɗauka ta tura. Sai ga hoto daga Gaya: jarka ruwan ɗorawa, jan marfi, tauraro mai karkataccen hannu a gindi. Sai dai rubutun Faransanci ne, hoton kuma na giwa.

"Nan Mai Giwa muke ce mishi," in ji Asama'u. "Ya kwantar muna da mutane a ƙauyuka. Akwai wanda bai tashi ba. Mun ɗauka mu kaɗai ne."

Kafin la'asar wani manomin shinkafa daga Malanbil ya turo tasa mai hoton shaho. Michael, malamin aikin gona a wata sakandare a Bawku, ya turo tasa mai hoton zakara. Saloma ta jera hotunan tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma tare da ɓacin ran ta ji wani ƙarfi ya shige ta. Da safe ita kaɗai ce da ƙaninta da likita mai lalube. Yanzu ga mutane a ƙasashe uku suna kiran sunanta suna tambayar jikin Abel.

Washegari wani sabon mutum ya yi magana a guruf. Nasiruddeen ne, ɗan Gaya da ke aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kwatano ta Benin. Ya ce zai iya gano abin da ke cikin maganin, amma sai an kawo masa jarka daga kowace ƙasa, wadda ba a taɓa buɗewa ba, don kada gobe wani ya ce an zuba wani abu a ciki.

A Zuru kuwa mutum ɗaya ne ke sayar da Mai Ɓauna a kan sari, Alhaji Arzika. Wannan shi ya tsaya wa Saloma a rai. Arzika mutumin Jega ne, amma ya fi shekarunta daɗewa a kasuwar Zuru. A shagonsa mahaifinta ya sayi taki har ya bar duniya, kuma ranar jana'izar Arzika ya zo ya zauna a ƙarƙashin rumfa har aka watse.

Ta same shi a kan kujerarsa ta roba, tsakanin buhunan taki. Ta rusuna ta gaishe shi, ya tambayi mai jiki. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, fuskarsa ta canza.

"Ɗiyata, mi kike so ki ce? Ni na sa wa Abel guba?"

"Ban ce ba, Baba Alhaji. Jarka ɗaya nake so in saya, a gwada."

"Yaran nan naku da hannu suke gauraya magani. Ba safa, ba takalmi, tanki yana yoyo a bayansu. In sun faɗi a ce magani ne."

"Wannan gaskiya ne," in ji Saloma. "Abel ma haka yake yi, na yi faɗa har na gaji. Amma da hannun nan ya gauraya na bara da na bara waccan, bai faɗi ba. In an gwada aka ga maganin lafiya lau yake, ni da bakina zan shiga kasuwa in wanke ka."

Ya kau da kai ya dubi titi. Can ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko jarka sabuwa ya dangwarar da ita a kan tebur. Ko amsa sallamarta bai yi ba da za ta tafi.

Tafiyar jarkar nan ta zama abin kallo a guruf. Saloma ta naɗe ta a leda ta ba wani direban da ke zuwa Kamba, ta ɗauki hotonsa riƙe da ita. A Kamba wata mai sayar da kifi ta karɓa ta turo hoto. A Gaya ta shiga hannun Asama'u, aka haɗa ta da Mai Giwa. Da yake gadar kan iyaka a rufe take, a kwalekwale suka haye kogi zuwa Malanbil, aka turo hotonsu a kan cinyar wani tsoho mai hular kaba. A can aka haɗa su da mai hoton shaho suka wuce Kwatano, Michael kuma ya aika tasa daga Bawku. Duk inda suka sauka sai guruf ya ɗauki sowa kamar ana rakiyar amarya. Saloma takan kai wa Abel wayar a gadon asibiti ta ba shi labari, tun da har lokacin idonsa na hagu bai buɗe ba.

Ana cikin jiran sakamako Michael ya shigo da wata Baturiya cikin maganar, ma'aikaciyar wata babbar ƙungiya a Turai da ke yaƙi da magungunan gona masu guba. Ta ce suna da 'yan jarida da lauyoyi, kuma a shirye suke su taimaka. Abin da take so shi ne hoton bayan Abel, yadda fatar ta saɓule, don irin wannan hoton ne ke girgiza mutanensu. Michael ya fassara. Asama'u ta ce a guruf ɗin nan ba a fitar da hoton kowa sai da yardarsa, a tambayi mai bayan.

Saloma ta tambaye shi da C'lela, harshen da suke yi a gida. Abel ya juyo gare ta a kan gado ya ce:

"Yaya, ni ba naman kasuwa ba ne da za a ɗaga ana nunawa. In suna so, su bari in warke in yi magana da bakina. Ni na san abin da na ji a gonar nan."

Haka ta mayar musu, kalma da kalma. Baturiyar ta ce za su jira.

Sai kuma wata fitina ta ɓullo daga inda Saloma ba ta zata ba. Wata safiya ta je rijiya, matan da suka saba wasa da ita suka gaishe ta sama-sama. Da ta dawo gida maƙwabciyarta Khairunnisa ta shigo ta miƙa mata waya. Saƙon murya ne na wani namiji mai taushin harshe, ya riga ya zaga gari. Yana cewa wasu matan coci a Zuru, ƙarƙashin wata matar soja, sun haɗa baki da Turawa don su rufe shagon Alhaji Arzika, saboda kawai Musulmi ne kuma Allah ya buɗa masa. Ya ce yau Arzika ne, gobe sauran 'yan kasuwa.

Saloma ta saurara har ƙarshe. Ta san garinsu. A gida ɗaya za ka sami mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ta kuma san irin wannan magana ba ta buƙatar gaskiya kafin ta kama. A taron ƙungiya na makon nan kusan rabin matan ba su zo ba. Mai unguwa ya aiko a kira ta, fasto ma ya ce ta biyo ta ofishinsa. Haggai ya bugo daga Borno.

"Maman Jessica, har nan saƙon ya iso. Ki bar maganar nan haka, ba na gida."

"In na bari yanzu, na amsa cewa abin da ya faɗa gaskiya ne," in ji ta. "Ka bar ni da su. Ban yi ƙarya ba, ban kuma zagi kowa ba."

Ta je wurin mai unguwa da fasto, ta nuna musu hotunan jarkoki huɗu, suka ce ta bi a hankali. Daga nan ta tura saƙon mutumin cikin Muryar Gona, ta ce ga abin da ake yi mata a gida.

Amsar Asama'u da dariya ta fara. "Madam Saloma, tsaya ki ji namu." Ta turo wani saƙon da ke yawo a Gaya. Saloma ta kunna, sai ta miƙe tsaye. Muryar nan ce dai, da taushinta, da yadda yake jan numfashi kafin ya ce "jama'a". Amma a nan ba maganar coci ko masallaci. Cewa yake wasu 'yan Najeriya ne ke baƙin ciki da 'yan kasuwar Gaya, suka sayi wata Hajiya don ta ɓata musu kaya. Manomin Malanbil ya ce su ma sun sami nasu, da wata ƙaryar daban. Mutum ɗaya ne yake ɗinka wa kowane gari rigar da ya san za ta shige shi, bai yi tunanin garuruwan suna zaune a ɗaki ɗaya ba.

A makon ne Nasiruddeen ya turo sakamako. Ya yi bayani da Hausa mai sauƙi: abin da ke cikin jarkokin huɗu iri ɗaya ne, daga tukunya ɗaya. Guba ce da aka hana sayarwa a duk ƙasashen huɗu, an kuma zuba ta da ƙarfin da ko da safa da takalmi mutum bai tsira ba in ta jiƙa masa riga. Ya faɗi sunanta, ya turo takardar gwajin. Saloma ta fara kai wa likita. Ya karanta, ya ce yanzu ya san abin da yake yi wa magani, ya ɗauki waya ya fara kiran abokan aikinsa na Ribah da Mahuta.

Daga asibiti ta wuce kasuwa. Rana ta ɗaga, layin masu taki cike da mutane, kuma ta ga yadda ake zunɗenta. Wasu samari da ke zaune a kan babura kusa da shagon Arzika suka bi ta da kallo. Ba ta rage tafiya ba. Ta rusuna ta gaida Alhaji kamar kullum, ta miƙa masa wayar da takardar gwajin a buɗe.

Ya duba sama-sama ya mayar mata. "Takarda ce. Kowa na iya rubuta takarda."

"To, Baba Alhaji, ka ji wannan."

Ta kunna saƙon Zuru. Ya ce ya riga ya ji, ba shi ya sa a yi ba. Ta kunna na Gaya. Tun kafin a kai tsakiya Arzika ya gyara zama. Ya ce ta sake kunnawa. Ta sake. Samarin nan suka sauko daga babura suka matso.

"Na san mai wannan murya," in ji Arzika a hankali. "Shi ya kawo mini kayan. Nan ya zauna, a kujerar nan, ya sha shayina. Ya rantse mini da Allah maganin yana da rajista, takardun suna hanya." Ya cire hularsa ya share goshi. "Da na ji na farko na so in gane shi, na ce a raina ko mai kama da shi ne. Wato ni yake karewa a Zuru, a Gaya kuma mu ne maƙiyan. Ya ɗauki sunana da addinina ya yi garkuwa da su."

Ya mayar da hularsa. Arzika ya tashi ya shiga cikin shago, ya fara jawo katan-katan na Mai Ɓauna yana fitarwa bakin titi da hannunsa. Da samarin suka ga tsoho yana nishi, suka kama masa.

"Ɗiyata," ya ce da suka gama, "yaya ake yin abin nan naku na waya? Ni ma zan yi magana."

Guruf ya tsara abin cikin natsuwa. Asama'u ta ce kada kowa ya saki nasa shi kaɗai, don in Zuru ta yi magana ita kaɗai za a ce rigimar Zuru ce. Kowane gari ya ɗauki bidiyonsa, a sake su rana ɗaya, da safe, lokacin da mutane ke shirin fita gona. Michael ya ɗauki nauyin sa rubutun Turanci a ƙasan kowane bidiyo, Nasiruddeen na Faransanci. Baturiyar ta ce su za su kai takardar gwajin ga 'yan jarida da hukumomin da ke kula da magunguna a ƙasashen huɗu, amma sai bayan manoman sun yi magana da kansu. Saloma ce ta kafa wannan sharaɗin, aka kuma amince.

Na Zuru a ƙofar shagon Arzika aka ɗauka, Khairunnisa ce ta riƙe wayar. Abel, wanda aka sallamo daga asibiti da tabarau baƙi a fuska, ya tsaya a tsakiya. Ya fara da C'lela don mutanen ƙauyukan kan tudu su ji da kyau, sannan ya maimaita da Hausa. Ya faɗi yadda tankin ya jiƙa masa riga, yadda ya ji ƙirjinsa ya kama wuta, yadda ƙasa ta juya masa. Bai yi kuka ba, bai kuma ɗaga riga ba. Arzika ya karɓa, ya ce shi ya sayar, bai sani ba, yanzu ya sani, duk wanda ke da jarkar nan a gida ya dawo masa da ita. Saloma ta ɗaga jarkar ta kifa ta, ta nuna tauraron.

"Kada ku dubi dabbar da ke gaba," ta ce. "Gobe za su iya sa rago ko kura. Ku kifa ta ku dubi gindinta."

Ranar da aka saki bidiyoyin, kafin azahar wayar Saloma ta yi zafi har sai da ta cire ta daga caji ta ajiye a kan randa. Gidajen rediyo suka ɗauka, na Hausa da na Faransanci. A coci aka sanar, a masallatai ma limamai suka yi magana bayan salla. Mutane suka riƙa zuwa da jarkoki a buhu daga ƙauyuka, har tulin da ke ƙofar Arzika ya kai ƙugun mutum. Jami'an hukuma suka zo da mota suka kwashe, suka bi sauran kasuwanni. Bayan 'yan kwanaki wani direba a Gaya ya ga ana loda irin katan ɗin a wata babbar mota, an rufe da buhunan albasa. Ya ɗauki hoto ya tura wa Asama'u, ita ta sa a guruf, mutanen Kamba suka kai wa jami'an kan iyaka. Motar ba ta wuce ba.

Mai taushin murya dai ba a kama shi ba. Layinsa ya mutu, ɗakin da yake haya aka tarar da shi wayam. Mutumin Mahuta da ke kwance kusa da Abel bai tashi ba, Saloma da Arzika suka je gaisuwa a mota ɗaya. Cikin matan da suka daina zuwa taro, yawancinsu sun dawo, wasu da 'yar kunya, wasu kamar ba abin da ya faru. Akwai biyu da ba su dawo ba har yau, kuma Saloma ba ta bi su ba. Idon Abel na hagu ya buɗe, amma ya ce kamar ta cikin hayaƙi yake gani da shi.

Muryar Gona kuwa ta cika har ta yi yawa. Ƙungiyoyi daga Garwa ta Kamaru da wasu daga Chadi suka nemi shiga. Aka yi ta gardama a kan wa za a sa, wa zai tace saƙonni, da ko za a karɓi tallafin da Turawan suka yi tayi ko a'a. Saloma tana cikin waɗanda aka zaɓa su riƙe guruf ɗin, ita da ba ta taɓa taka Gaya ba. Wani lokaci tana tsakiyar tuƙa tuwo za a kira ta a raba gardama tsakanin mutumin Bawku da na Malanbil. Takan sa wayar a kan turmi ta ci gaba da tuƙi tana magana.

Da kaka ta yi, dawa ta sunkuya a gonakin gindin duwatsu, wata rana ta biya gidan Abel don ta ari buhuna. Ta same shi a zaune a kan benci da wasu masu feshi, sun baje dogayen safar hannu na roba da takalman ruwa da tabarau, suna gwadawa suna yi wa juna dariya. Waya tana tsakiyarsu, wani mutum yana bayani da Hausar Gana yadda ake liƙe tankin da ke yoyo.

"Wane ne wannan?" in ji Saloma. "Ban san muryarsa a guruf ba."

"Ba gurufinku ba ne, Yaya. Namu ne. Masu feshi zalla, daga nan har Bawku. Mun yanke shawara, baɗi duk mai gonar da ya kawo magani ba suna ba adireshi, ya goya tankin da kansa."

"Yaushe kuka buɗe ban sani ba? To, sa ni a ciki."

Abel ya dube ta da idonsa mai kyau, yana murmushi. "Kin taɓa goya tanki?"

Sauran suka fashe da dariya. Saloma ta riƙe ƙugu ta harare shi, sannan ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta ce ya tashi ya ɗauko mata buhunan, rana tana yi, masu yankan dawa suna can suna jiranta a gona.